Baba Kunne, Wanda Ya Raini Dogo Kuma Ya Ce a Sare Shi

Kafin ma'aikata su fara saukowa daga benaye, Baba Kunne ya riga ya shigo harabar gidajenmu. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin famfo, ya cire rigar fita ya rataye, ya sa tsohuwar rigar aiki. Ba ya farawa da ban ruwa, ba ya farawa da shara. Sai ya zagaya itatuwan dabinon nan guda huɗu, hannu a baya, kai a ƙasa. In ya ga sawun takalmi kusa da gindin ɗaya, sai ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan ya ɗaga kai ya bi tagogi da ido. Duk wanda tsautsayi ya sa ya leƙo a lokacin, to shi ne mai laifi har sai an samu wani.

Daga nan ya jawo dogon tsaninsa, ya hau a hankali har kusa da inda rassa suka fara, ya manna kunne a jikin itacen, ya rufe ido. Haka zai yi wa kowanne. Abin da ya jawo masa sunan ke nan, kuma ya bi shi har gida, don jikokinsa ma haka suke kiransa.

Ga wanda bai san irin wannan dabino ba, ba na ci ba ne, na ado ne. Jikinsa kauri gare shi, sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Can sama, inda Baba yake datse tsofaffin rassa, ya yi tumbi kamar abarba, sannan ganye ya bazu kamar babbar lema. A gindin kowane reshe akwai ƙaya da ta fi yatsa tsawo. In ka dubi hannuwan Baba, za ka ga inda kowacce ta gaishe shi. Mafi girma a cikin huɗun shi ne wanda yara suka sa wa suna Dogo. Lokacin da aka kawo shi bai wuce gwiwar Baba ba. Daga baya har mutanen hawa na uku suna kallonsa ido da ido. A inuwarsa Tela yake ajiye keken ɗinkinsa, a nan mata suke zaman tsifar kai, a nan yara suke wasa.

Baba mutum ne mai zargi, wannan ba a ɓoye yake ba. In an kawo taki sai ya shinshina. In baƙo ya yabi itatuwan, sai ya bi shi da ido har bakin ƙofa. Shi ma kuma bai tsira daga zargin mutane ba. Duk wanda ya tare sabo, da ya ji an ce dabino, sai ya fara jiran rabonsa. Uwar 'Yan Biyu, ta hawa na farko, ita ta fi kowa daɗewa tana jira. Rannan ta ga Baba ya sauke 'ya'yan, jajaye gwanin sha'awa, ya zuba a baro zai tura waje. Ta tare hanya.

"Sannu da aiki, Baba. Kasuwa za a kai ne, ko gida?"

"Bola za a kai."

"Bola! Allah ya ba mu irin wannan bola mai baki."

Baba ya sunkuya kan baron. Ya zaɓo mafi girma, ya goge a rigarsa, ya miƙa mata. Ta gatsa. Ƙwallo ne zalla da 'yar fata a kai, ga bauri. Ta tofar, ta riƙe haƙori.

"In ƙaro miki na yara?" in ji Baba.

Ita ce kuma ta taɓa zuwa da ƙusa da guduma za ta ɗaura igiyar shanya a jikin Dogo. Ranar an ji muryar Baba har titi. Amma kafin la'asar ya kafa mata sanduna biyu a bayan bene, ya ja igiya da kansa. Dalilinsa shi ne, dabino ba ya warkewa in an ji masa rauni. Akwai wani jan ƙwaro da yake bin ƙanshin rauni ya yi ƙwai a ciki, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta ci daga ciki, ganye kuwa yana nan kore shar. Ba a ganinta, sai dai a ji ta. Ita Baba yake saurara kullum safiya, shekara da shekaru, yana roƙon Allah kada ya ji.

Kai ne, Baba, mai hawa tsani da gwiwar da take ciwo don ka saurari abin da ba ka son ji. Mu muna wucewa muna cewa tsufa ne.

A bana ne aka ce zai ajiye aiki. Mutanen gida har sun fara shirya masa 'yar liyafar sallama, a ƙarƙashin Dogo za a yi, a ɗauki hoto. Saura 'yan makonni, wata safiya ya hau, ya manna kunne, ya daɗe bai sauko ba. Can ciki, sama-sama, akwai wani ɗan sauti, ƙus-ƙus, kamar ana tauna rake a ɗakin maƙwabta. Ya sauya kunne. Yana nan. Ya shinshina tsakanin rassa, ya ji ɗan tsami-tsami. Ya sauko, ya zauna a kan baro, ranar ko tiyon ban ruwa bai warware ba.

Ya gwada magani, ya ɗura ta sama. Ya jira. Sautin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, ta kowane gefe. Baba ya san ma'anar haka. Kan Dogo ya fi ƙaramar mota nauyi, ga ƙayoyi, kuma abin da yake riƙe da shi ana cinye shi. Ba zai yi gargaɗi ba. Wata rana kawai zai sauko.

'Yarsa ta fari, wadda yake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ta fara jin maganar. Ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi ya zuba wa itacen ido.

"Baba, ka tabbata?"

"Na ji da kunnena, Uwata."

"Kunnen da in na kira ka daga tsakar gida sai na yi sau uku?"

"Wannan ina ji, amsawa ce ba na yi."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta rage murya. "Baba, mutanen nan ba za su yarda ba. Saura maka kaɗan ka tafi da mutuncinka. Ka bar wa wanda za a ɗauka bayanka mana, shi ya gano."

Baba ya dubi 'yan biyun nan suna ja wa juna kwalin da suka mayar mota, daidai ƙarƙashin rassa.

"In ya gano bayan kan Dogo ya sauko fa?"

Washegari ya zagaye Dogo da igiya, ya tafi ofishin Manaja, mai kula da gidajen, ya ce a sare shi.

Abu biyu suka ɓata masa lamari, kuma babu laifinsa a ko ɗaya. Akwai wani mai haya da ake ce wa Mai Tasi, motoci uku gare shi, ya daɗe yana naci a cire Dogo a yi rumfar ajiye motoci a wurin. Kowa ya san Baba ba ya ko amsa gaisuwarsa da kyau saboda haka. To a makon nan tayar keken Baba ta yi faci, Mai Tasi ya gan shi a hanya ya rage masa, aka ga sun shigo tare, Baba a kujerar gaba. Na biyu kuma, mijin Uwata ya saya masa sababbin takalman roba masu tsawo, baƙaƙe, suna sheƙi. Baba ya sa su ranar da ya ja igiyar.

Tela ne ya haɗa biyun. Ya ɗage igiyar, ya shige da kekensa, ya zauna a inda ya saba.

"Malam Tela, don Allah ka matsa ƙarƙashin wancan," in ji Baba.

"Barka da sabon takalmi, Baba. Ya zauna maka daidai. Shi ya tambayi lambar ƙafarka, ko da ido ya auna?"

"Wa?"

"Ah, su wa da wa ake shiga gaban mota da su?"

Baba ya dubi takalmansa. Sai a lokacin ya gane. Ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Tela ya tashi ya ƙwanƙwasa jikin Dogo da gindin almakashi. Ƙwal, ƙwal. "Jama'a, kun ji ruɓaɓɓen itace? Ni ma a ƙauye na tashi. Itacen da ya ruɓe, gindinsa ake bugawa a ji rami. Wannan ko ƙarfe albarka. Mutumin da ya kusa cinye Uwar 'Yan Biyu ɗanya a kan ƙusa guda, yau shi ne zai ce a kawo inji?"

"Zuciyar dabino ba a gindi take ba, a kansa take," in ji Baba. Amma muryarsa ta yi ƙasa, hayaniya ta danne ta.

Tela bai tsaya nan ba. In ya kai wa mutane ɗinkinsu, ƙofa-ƙofa, hawa-hawa, sai ya haɗa musu da labari. Kafin kwana biyu babu ɗakin da bai ji an sayi Baba Kunne da takalmi ba. Wasu suka ce ai tun da ma sun ga alama. Wasu suka ce shi ya zuba wa itacen wani abu, ba an gan shi yana ɗura ruwa ta sama ba? Gaisuwa ta ragu. Maganar liyafa ta mutu ba tare da kowa ya ce an fasa ba. Mai Tasi kuma, maimakon ya yi shiru, sai ya riƙa tsayawa yana auna filin da taku yana murmushi, wai shi bai ce komai ba. Baba ya ce a rubuta a ajiye, ba za a yi rumfa a wurin ba ko an sare. Tela ya ce, "Yau a ce babu rumfa, gobe mu farka mu ga kwano."

Shi kansa Manaja sai da ya saci kallon takalman.

"Baba, tsakaninka da Allah, babu wanda ya yi maka magana?"

"Yallaɓai, tun kana zuwa nan da gajeren wando nake shayar da itacen nan."

"Na sani. Amma in na sare aka tarar lafiya lau yake, me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu ni ne. In aka tarar lafiya, a ranar zan ɗauki kekena. Ba sallama, ba hoto. Duk sunan da suka kira ni da shi, na amsa."

Manaja ya daɗe yana juya makulli a hannu. Ba yarda ya yi ba, tsoro ya ji, don ya san in abu ya faɗo kan ɗan wani, shi za a fara nema. Ya ce a kira masu inji.

Ranar da suka zo, babu wanda ya fita. Mata a baranda, maza a tsaye da hannu a ƙirji. Baba ya zo da tsofaffin silifas. Wannan ma sai da aka yi magana a kai: ai kunya ce ta kama shi. Masu inji suka ɗaura igiya, suka share hanya ta wajen filin da babu kowa. Inji ya yi ta kuka. Baba ya juya baya. Bai ga faɗuwar ba, a tafin ƙafarsa ya ji ta.

Ƙura ta lafa. Tela ne ya fara isa kututturen. Fari tas, jiƙe da ruwa, babu ko ɗigon baƙi. Ya shafa, ya ɗaga tafinsa ya nuna wa benaye.

"To ga shi nan! Baba, ina ruɓar? Ko ta bi Mai Tasi ɗaukar fasinja?"

Wata tsohuwa a hawa na biyu ta fara salati tana kuka. Wani ya ce, "Allah ya isa." Manaja ya sunkuyar da kai.

Baba ya san gindin zai fito fari, ya ma faɗa. Amma da ya gan shi haka, tas kamar sabuwar ƙwarya, sai zuciyarsa ta yanke. Wannan karon kansa ya zarga. Kunnen tsoho ne fa. Da daddare yakan ji ƙara a cikinsa ba tare da komai ya motsa ba. In jinin kansa ne yake ji yana bugawa fa? In hancinsa ne ya yaudare shi? Ashe zai iya kashe abin da ya raina da hannunsa a kan ƙarar da babu ita?

Ya ɗauki adda. Ya bi jikin Dogo daga gindi zuwa kai, a ƙasa yanzu, ba tsani. Tafiyar ta yi masa nisa. Mutane suka dare suna ba shi hanya, babu mai ce masa sannu. Ya isa inda rassa suka taru suka rufe komai, kore shar, kamar ba abin da ya same su. Ya ajiye addar. Ya kama reshe ɗaya na tsakiya ta inda babu ƙaya, ya ja.

Bai yi wani ƙarfi ba. Reshen ya zare kamar ruɓaɓɓen haƙori. Ya kama na kusa, shi ma ya biyo hannu. Sai wari ya taso, mai tsami, har na baranda suka toshe hanci. Ya sa adda ya buɗe. Cikin kan duk ya zama dusa mai laima, baƙa-baƙa, ga tsutsotsi farare, kowacce ta kai babban yatsa, suna motsi a ciki. Abin da ya rage yana riƙe da kan bai fi ɓawo ba. Babban mai inji ya leƙa ya ja da baya, ya ce iska ɗaya mai ƙarfi ta ishe shi.

Uwar 'Yan Biyu ta jawo 'ya'yanta ta matse su a jikinta har suka fara ƙara. Tela ya tsaya yana kallon tsutsotsin, sannan ya juya ya dubi wurin da ƙafafun kekensa suka yi rami a ƙasa don daɗewa.

Baba bai dubi kowa ba. "Tsayuwar me kuke yi?" in ji shi. "A kawo buhuna da kananzir. A kwashe a ƙone yanzu, kada ko ɗaya ta kai wa sauran ukun. Malam Tela, riƙe bakin buhun nan."

Tela ya riƙe. Da hannunsa mai ɗinka farar shadda ya riƙa turawa.

Da aka gama ƙonawa, Baba yana wanke adda a famfo, Tela ya zo ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, ka yafe mini."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Me kake nema a wurina?"

"Wallahi ba komai. Na yi maka ƙazafi."

"A kunnena ka yi shi?"

"A'a."

"To me ya kawo shi kunnena yanzu? Ka mayar da shi inda ka kai."

Tela ya gane. Ya miƙe, ya fara daga ɗakin farko na ƙasa. Ya ƙwanƙwasa, aka buɗe, ya ce da ƙarfi yadda na kusa za su ji, "Abin da na faɗa muku a kan Baba Kunne ƙarya ne. Surukinsa ne ya saya masa takalmi. Ni na ƙirƙira." Ya wuce ƙofa ta gaba. Duk mutanen sun gani da idonsu, amma kowa ya koma ɗakinsa ya jira a ƙwanƙwasa masa, don kowa ya san da kunnensa aka yi. Baba yana zaune a kan baro yana bin sa da ido, bene bayan bene. Can Tela ya sauko yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Na gama, Baba."

"Ka tsallake ƙofar kusa da tankin ruwa, can sama."

"Ba sa nan, sun yi tafiya."

"Za su dawo jibi," in ji Baba.

Ranar jibin kuwa Tela ya hau.

Baba Kunne zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan. Liyafar tana nan, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun da suka rage, kuma shi ya zaɓi wanne, bayan ya hau ya tabbatar. Har yau in zai wuce ta wajen kututturen, sai ya zagaya ta bayan ɗakin famfo.

Kai ne ka raine shi tun bai kai gwiwarka ba, Baba, kuma kai ne ka buɗe baki ka ce a sare shi. Da ka yi shiru, da an tafa maka, an yi maka hoto a inuwarsa, ka tafi gida da sunanka fari. Ka ajiye sunan a ƙasa muka tattaka, don kada kan itace ya sauko a kan 'ya'yan mutanen da suka daina gaishe ka. Ni ma ina baranda ranar, kuma ba zan iya tsayawa gabanka in faɗi wannan ba, don na san za ka ce me nake nema. Ba na neman komai. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma da kuke riƙe da wani aiki, ko na lambu ne, ko na gadi, ko na jinya, in kun ji abin da sauran mutane ba su ji ba, ku faɗa. Za a dubi takalmanku, za a ƙirga motar da kuka shiga. Ku faɗa duk da haka, tun yara suna wasa a ƙasa lafiya.